Kyauta, Shekara Sha Shida, Maitumbi

Limawa, Minna
20 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Yayata Amatullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin koma Jamus lafiya. Ya gajiyar hanya, ya karatu? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma tuyar waina. Baba yana Kasuwar Kure kullum yana fama da gyaran kekunan ɗinki. Goggo ta kira daga Kaduna, ta ce in gaya miki ita ta haife ki, ba Jamusawa ba, ki riƙa kiranta.

Na san za ki ce ga waya me ya kai ni takarda. Ni dai a takarda bakina yake buɗewa. Zan rubuta, in ɗauki hotonta da wayar Umma, in turo miki, in goge. Ke ma don Allah ki ba ni amsa da rubutun hannunki.

Sati shidan da kika yi a ɗakina kina bincikenki kan 'yan mata masu karanta littattafan soyayya sun ɓata ni. Yanzu in na juya zan yi magana, sai in ga katifarki a naɗe. Baba har yau yana mamakin karatunki. Ya ce mutum ya bar Afirka ya tafi Turai neman digiri na biyu a kan Afirka! Wai da kin zauna a shagonsa wata uku, da kin ji abin da farfesoshinku ba su sani ba.

Yaya, littafina mai shuɗin bango fa? Kin fara karantawa? Ke kaɗai na yarda ki tsallaka ruwa da shi. Na fara na biyu, mai jan bango. Na kusa kai inda Anwar direban jirgin ƙasa zai hango Amira tana kuka a tasha bayan jirgi ya tashi, ya taka burki nan take ya diro. Ina ɓoye littafin a cikin tsohon kwalin takalmin Umma. Kin tuna na ba ki labarin littafin da Baba ya tsinta ƙarƙashin filona bara? Bai dake ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Mamana, wannan shi ne karatun?" Ya tafi da shi shago, ya riƙa yage shafi ɗaya-ɗaya yana naɗe wa teloli allura. In ya ji ni ma rubutawa nake, ban san wace ƙasa za ta ɗauke ni ba. Kin san sunan mahaifiyarsa na ci, yana ganin duk abin da na yi ita aka yi wa.

Wace ce wannan Jennifer da ke cikin kowane hoton da kika turo wa Umma? Na ƙirga, hotuna bakwai, tana cikin biyar, kuma hannunta yana kafaɗarki a uku. Ba wani abu ba ne, tambaya kawai na yi.

Waccan yarinyar ta Maitumbi, wadda muke zama benci ɗaya, wadda muka haɗu da ita a Napep kika yi ta yaba Turancinta tun daga Kure har gida, ta ce in gaishe ki. Na isar. Ba zan cika takardata da sunanta ba.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Zulaiha

*

Jamus
9 ga Nuwamba, 2024

Zulai ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonki tun ranar da ya zo, ki yafe min jinkiri. Ina lafiya, sai mura da ta riƙe ni kwana goma. Ki gaida Kawu da Umma, ki ce mata ta rage tsayuwa a gaban tanda.

Kina ganin hotuna kina zaton hutu nake. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari ya yi duhu. Mu goma sha huɗu ne a aji, uku ne kawai 'yan Afirka. Da zarar malami ya ambaci Najeriya, duk kawuna sai su juyo kaina kamar ni ce gwamnati. Shekaranjiya wani ya tambaye ni yadda ake kamun kifi a Malawi. Na ce masa ni ko kifin Kure sai an yanka min. Akwai wani littafi da aka ce mu karanta, marubucin ya kwana tara a ƙasarmu ya fitar da shafi ɗari uku. Ni da na tashi a cikinta, kowace jimla na rubuta sai an tambaye ni, "Wa ya faɗa kafin ke?" Ki gaya wa Kawu na fara tunanin tayinsa.

Jennifer 'yar Ghana ce, kicin ɗaya muke amfani da shi, ita ma karatun nan take yi. Da ba don ita ba da murar nan ta kwantar da ni ba wanda ya sani. Amma tana cinye min yaji, ki kwantar da hankalinki, ba ta kai ki ba.

Yanzu ga albishir. Ranar Alhamis na gabatar da babi na biyu na bincikena gaban aji. Farfesarmu, wadda ba ta yabon kowa, ta tsayar da ni a kan maganar Kyauta. Ta sa na maimaita ta da Hausa, ta rufe ido tana saurare, sannan ta ce duk babin a kan wannan jimlar ya kamata ya tsaya. Minti ashirin aji yana muhawara a kan Kyauta! Wallahi Zulai, yarinyar nan ita ta cece ni. Na turo hoton, ki duba allon da ke bayana da kyau, na san za ki yi murmushi.

Littafinki yana kan teburina. Shafi goma sha biyu na kai. Ba na son in karanta shi a gurguje tsakanin aji da aikin jera littattafai da nake yi a laburare, sai na samu natsuwa.

Yayarki,
Amatullah

*

Limawa
11 ga Nuwamba, 2024

Yaya Amatullah,

Salam. Ina fatan mura ta sake ki. Muna lafiya.

Na duba allon. Na buɗa hoton da yatsu biyu har sai da fuskarki ta fita daga wayar. Ga abin da na gani: "Ina karanta su ne don a cikinsu ana tambayar yarinya me take so, kuma a tsaya a jira amsarta." A ƙasa kuma: "Kyauta, shekara 16, Maitumbi."

Ban yi murmushi ba.

Yaya, ni na faɗi maganar nan. Ranar Laraba ce, muna tsince wake a tsakar gida, na'urar ɗaukar maganarki tana kan turmi. Sai da kika tambaye ni sau uku kafin na iya buɗe baki, kuma kaina a ƙasa na faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Umma. Kika ajiye waken kika dube ni, na ji kamar an kunna fitila a ƙirjina. Ashe ɗauka kika yi ki kai wa mai Turanci.

Kin san sarai Kyauta ita ce yarinyar Napep ɗin nan. Shekararta sha shida, gidansu Maitumbi, komai ya yi daidai. Yaushe kika je wurinta? Ranar da kika ce min za ki banki kika ƙi tafiya da ni? Ko ita ce ta ji maganar a bakinki ta ce tata ce? Na rasa wanne ya fi ciwo. Ita ce ta ɗaya a aji, ita ake turawa gasar muhawara, ita malamai suka sani da suna. Ni abu ɗaya nake da shi, shi ma yanzu yana Jamus da sunanta a jiki, farfesa tana rufe ido a kansa.

Minti ashirin ga Kyauta. Sati ukun da na yi ina jiran amsarki ga Jennifer. Shafi goma sha biyu gare ni.

A littattafan da nake karantawa, in aka yi wa yarinya haka takan tsaya bakin taga hawaye suna zuba a hankali, ta yi kyau. Ni hancina ne ya kumbura, Umma ta ce ko ni ma murar Jamus ce ta kamo ni ta waya.

In ba za ki karanta littafina ba ki ba wani mai zuwa gida ya kawo min. Kada ki nuna wa Jennifer.

Zulaiha Sanda

*

Jamus
12 ga Nuwamba, 2024

Zulai, Zulai, Zulai,

Innalillahi. Gaisuwa a taƙaice yau, ina lafiya, ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yi komai.

Kyautar da ke kan allon ke ce. Babu wata. A aikinmu doka ce, duk wanda aka yi hira da shi ba a rubuta sunansa na gaskiya, ba a faɗin unguwarsu, don kada maganar da ya yi ta dawo ta cuce shi. Balle ke da ba ki kai sha takwas ba. Kin manta takardar da Umma ta sa wa hannu, bayan ta sa na rantse Kawu ba zai ga sunanki a ko'ina ba? Na karanta miki ita a bakin gado, kina ta gyaɗa kai. Yanzu na gane idonki ne kawai a wurina, hankalinki yana tashar jirgi wurin Anwar.

'Yan mata goma sha tara na yi hira da su, kowacce na sauya mata suna da unguwa. Na Limawa na mai da su Maitumbi, na Maitumbi na kai su wani wuri. Naki sunan a bayan wani Napep na gan shi, an rubuta "Kyautar Allah", na ce wannan ya dace da ƙanwata. Wallahi ban san sunan ƙawarki ba. Ranar da muka haɗu "ke" kika yi ta ce mata, a wasiƙarki kuma kika ƙi rubuta shi. Ranar banki, banki na je, na yi awa uku a layi.

Amma laifina ya fi naki. Sunan ɓoye bai kamata ya faɗa kan mutum mai rai ba, da na tambaye ki tun farko. Yau da safe na je ofishin farfesa na faɗa mata, na sha faɗa, kuma zan sauya sunan.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki ce wa yarinyar nan komai. Ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Ki ba ni amsa yau, ko layi ɗaya ne.

Yayarki da ba ta da wata ƙanwa sai ke,
Amatullah

*

Limawa
1 ga Disamba, 2024

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Umma ta dawo jiya daga Kontagora. Washegarin ranar da na turo miki waccan wasiƙar aka kira ta da asuba, ƙanwarta ta haihu da tiyata, ta tafi da wayar. Kwana goma sha tara. Mai jego da jaririya suna lafiya. Jiya da la'asar na ga amsarki, da kiranki goma sha ɗaya da Umma ta ce ta ɗauka gaisuwa ce kawai.

Yaya, na riga na yi.

Da na ga kwana biyu babu ke babu waya, sai zuciyata ta yi ta saƙa min abubuwa. Ranar Alhamis lokacin tara, Kyauta ta miƙo min ƙosai kamar kullum. Ni da ko lamba aka kira a aji sai an ce in ɗaga murya, na miƙe tsaye na ce, "Ɓarauniya! Ki dawo min da abina!" Ta ce, "Zulai, kanka ɗaya kuwa? Ni ban ɗauka komai naka ba." Kin san yadda Hausarta take, kowa namiji ne a bakinta. Da can yana ba ni dariya.

Ni magana nake nufi. Su kuma da suka ji "ɓarauniya" sai monita ta ruga ta kira Malama Rachael. Aka zazzage jakar Kyauta a kan tebur. Abin da ban gaya miki ba shi ne, jan littafina yana ciki. Ita nake ba wa ta fara karanta duk babin da na gama, tun kafin ki zo. E, na ce miki ke kaɗai. Ke kaɗai ce kika tsallaka ruwa da shuɗin.

Malama ta buɗe, ta karanta layi biyu inda Anwar yake cewa Amira idanunta sun hana shi ganin sigina. Aji ya fashe da dariya. Ta ce, "Wa ya rubuta wannan shirmen a littafin makaranta?" Babu suna a bangon. Kyauta ta dube ni. Ta san labarin Baba da allurai. Sai ta ce, "Ni ne, Ma." Malama ta juyo ta ce to ni me aka sace min. Na ce biro, kuma na gan shi. Aka ba Kyauta yankan ciyawa kwana uku, aka ce ta zo da babanta kafin a rufe makaranta. Babanta Malam Ishaya yana tsakiyar haƙar doya, dole ya bar gona ya zo ya ji wai 'yarsa tana rubuta soyayya.

Ya kamata in ce miki kunya ce kaɗai take damuna. Amma na yi alkawari ba zan ƙara yi miki ƙarya ba. Malama ta tafi da littafin gida. Ranar Litinin ta dawo ta ce a gaban kowa, hukunci yana nan, amma wadda ta rubuta wannan tana da baiwa, kada ta bari. Ta dafa kan Kyauta. Yanzu 'yan aji har da 'yan wani ajin suna binta, "Kyauta, Anwar zai aure ta? Kyauta, ki gaya mana ƙarshen!" Ita kuwa ta koma bencin baya, ba ta ce musu komai, ba ta ce min komai.

Ina zaune ina kallo ana yaba mata a kan abina, wannan karon da gaske, kuma ni na kai mata da hannuna. Yarinya tana yankan ciyawa saboda ni, ni kuma ina kishin ciyawar.

Kin ce za ki sauya sunan. Wane za ki sa? Wata kuma daga bayan Napep? Yaya, ba za a iya sa nawa ba?

Zulai

*

Jamus
2 ga Disamba, 2024

Ƙanwata,

Alhamdu lillahi da na ji daga gare ki, barka da dawowar Umma, a yi wa mai jego barka. Kwanakin nan Jennifer har ta gaji da jin sunanki.

Ba zan yi miki faɗa ba, kin yi wa kanki wanda ya isa. Na tambayi farfesa. Ana iya sa sunanki na gaskiya in ke kika nema, har a sa shafuka biyu na labarinki a ƙarshen kundin a ce ke ce marubuciyar. Amma sai da sabuwar takarda mai sa hannun iyaye. Na kira Umma, ta ce ta yi sau ɗaya a bayan idon Kawu, ba za ta ƙara ba, kuma tana da gaskiya. Ga takardar na turo, ki kai shagon buga takardu a fitar miki. Ranar ashirin ga wata zan miƙa babin. In ba ta iso ba zan sa wani suna, ba zan kuma ga laifinki ba.

Sai dai ki sani, takardata tana iya jira ko ta mutu. Malam Ishaya ne bai kamata ya bar doyarsa a kan abin da 'yarsa ba ta yi ba.

Na gama shuɗin littafin ranar da na kasa samunki. Na wuce tashar da zan sauka a jirgi saboda shi, sai da na dawo da ƙafa cikin ruwan sama. Me ya sa Amira ba ta da ƙawa ko ɗaya? Ki yi tunani a kai.

Yayarki,
Amatullah

*

Limawa
14 ga Disamba, 2024

Zuwa ga Yayata Amatullah,

Assalamu alaikum. Ya sanyi, ya babi na biyu? Muna lafiya. Ƙafar Umma ta ɗan tashi saboda zaman mota, amma da sauƙi.

Ranar Litinin na je ofishin malamai. Sau biyu ina kaiwa ƙofa ina juyowa. Na uku Malama Rachael ta gan ni ta ce, "Ke mai biro, shigo." Na faɗa mata komai ina kallon takalminta. Ta ce in faɗi abin da ke shafin ƙarshe in ni ce. Na karanto mata da ka. Sai ta ce to babana za a kira.

Daga makaranta ban je gida ba, na hau Napep zuwa Kure. Na samu Baba ya kwance kan wani keke, hannunsa duk baƙin mai. Ya ce, "Mamana, lafiya?" Na ajiye takardarki da ta makaranta a kan benci, na fara magana. Ban san me na ce ba. Na dai tuna wani tela da ke jira ya tashi ya ce bari ya je ya yi alwala, alhali la'asar da saura.

Washegari Baba ya sa babbar riga ya je makaranta. Malam Ishaya ya riga ya iso, don saƙon fasa kiransa bai kai gare shi ba. A gabana Baba ya cire hula ya ba shi haƙuri. Baba fa! Malam Ishaya ya ce, "Ba komai, Malam Sanda, yara ne," amma bai dube ni ba. Malama ta miƙa wa Baba jan littafin, ya sa a aljihu. Na ce shi ke nan, teloli sun samu takardar naɗe allura.

Kwana uku bai ce min komai ba sai amsa gaisuwa. Jiya bayan sallar Juma'a ya kira ni zaure. Yana sanye da tabarau, littafin a buɗe a cinyarsa, na hango zanen fensir a gefen shafi.

Ya ce, "Wa ya gaya miki jirgin ƙasa yana tsayawa haka?"

Na ce, "Na'am, Baba?"

Ya ce, "Nan. Ya taka burki nan take ya diro. Taka? Napep ne? Jirgi mai jan tarago ashirin, in ka kama burki a tasha sai ya kusa fita gari kafin ya tsaya. Kuma direban da ya bar injin ya diro saboda mace, a ranar za a kore shi. Ubana shekara ashirin da shida yana zuba gawayi a injin reluwe, a ce jikarsa ce ta rubuta wannan?"

Na ce, "To Baba ya zai yi? Tana kuka fa."

Ya cire tabarau ya dube ni. Na ce yau na mutu. Sai ya ce, "Haƙuri zai yi ya wuce, kamar yadda ubana ya yi." Yaya, kin san kakarmu gyaɗa take sayarwa a wata ƙaramar tasha? Jirginsu minti uku yake tsayawa a can shan ruwa, sau biyu a sati. Wata huɗu Kaka yana sayen gyaɗar da ba ya ci, don haƙoransa ba su da kyau, kafin ya iya tambayar gidansu. Goggo ta taɓa gaya miki? Ni ban taɓa ji ba. Baba yana faɗa yana kallon bango, da ya gama ya yi tari ya ce ba wai ya yarda da karatun banza ba ne, kuma in sakamakon jarrabawata ya sauka ko da maki ɗaya, shi da allurai suna nan.

Sannan ya ɗauko takardarki daga aljihu. Ya sa na karanta masa ita sau biyu, na fassara. Ya ce, "Wato da sunan wata za a sa?" Na ce e. Ya ce, "Sunan uwata ba abin ɓoyewa ba ne. Amma ba za a buga shi a Turai a kan jirgin da ke tsayawa kamar Napep ba. Ki gyara, in gani, sannan." Da safen nan na kai masa sabon babin shago. Ya goge hannu, ya karanta, ya gyara min kalma ɗaya, ya sa hannu. Za ki ga ɗan tabon mai a gefen takardar, kada ki goge.

Kyauta ba ta dawo bencinmu ba. Na kai mata ƙosai ranar Alhamis, ta karɓa ta ba monita. Na ce ta yafe min. Ta ce, "Ciyawa kwana uku, Zulai. Ka gani hannuna." Na gani. Da aka tashi ta wuce ni, sannan ta juyo ta ce in na gama wani sabon babi ita za ta fara karantawa kafin Jamus, in ba haka ba kada in ƙara yi mata magana. Saboda haka ki yi haƙuri, ba zan turo miki shi ba sai Talata. Na ba Amira ƙawa. Ba ta iya Hausa sosai ba, kuma ta fi Amira kirki.

Ki gaida Jennifer. Ki ce mata na gode da jinyar da ta yi miki, amma ta riƙa sauke hannunta in za a ɗauki hoto.

In farfesarku za ta sake rufe ido, ga abin da za ki rubuta a ƙasan maganar:

Zulaiha Sanda, shekara 16, Limawa.